Ruwan Pisin Ya Koma Farau-farau

Wannan karon saƙo uku na ɗauka, kuma duka ukun buhu ɗaya suke kewayawa: buhun farin garin da ake zuba wa filtir, na'urar tace ruwan pisin, wato wurin ninƙaya na cikin gida. Masu tambaya kan injin rijiyar burtsatse su yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Kwara Kano, nan Yamai. Gidan da ɗana ya kama mana yana da pisin a baya, tsawo mita 8, faɗi mita 4. Jikokina uku sun zo hutu daga Tawa, kuma ka san zafin bazarar nan, ba mai raba su da ruwan. Ranar Lahadi gardinmu, wato maigadin gidan, ya wanke filtir, ya zuba farin garin nan da ake zubawa. Ba a yi minti goma ba sai ga wani abu kamar farin hayaƙi yana fitowa ta bututun bango, ruwa ya koma farau-farau. Kafin in ankara biyu daga cikin yaran sun faɗa, sun yi wajen minti 15 a ciki. Babbar idonta ya yi ja, ƙaramin ya ce ya sha ruwan. Maƙwabciyata ta karanta a wayarta wai garin yana kawo ciwon daji. Kwana biyu ke nan ban runtsa ba, uwarsu amana ta bar mini. Sun cutu? Yaushe za su koma ruwan? Ko in sa a zubar da shi duka? Daga wata kaka, Kwara Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Yau ki kwanta ki yi barcinki. Abin da yaran nan suka shiga bai kai ya hana ki runtsawa ba. Maƙwabciyarki kuma ba ƙarya ta yi ba, zancen ne ta tsinta daga tsakiya, ta bar kai da gindi.

Bari in fara da idon da cikin, tunda su suka fi tsaya miki a rai. Garin nan ba guba ba ne, ba ya narkewa a ruwa, ba ya ratsa fata. Gurza yake yi. A hannu za ki ji shi da laushi kamar garin alkama, amma ƙwayoyinsa na da kaifi-kaifi, shi ya sa idon babbar ya yi ja. A zuba mata ruwa mai tsabta a idon a hankali na wajen minti 15, kada ta murza, kada kuma a sa mata tozali ko ruwan wani ganye. Tunda yau kwana biyu, ina kyautata zaton ma ya washe. In har yanzu ja ne, ko tana jin kamar tsakuwa a ciki, ko haske na damun ta, a kai ta wurin likitan ido. Shi kuwa gwarzon da ya sha, kurɓa ɗaya ko biyu hanyar da tuwo ke bi za ta bi ta fita. Abin da za ki lura da shi shi ne ko ya ƙware lokacin da ya sha: tarin da ya ƙi tsayawa, numfashi sama-sama, zazzaɓi, ko kasalar da ba ki san shi da ita ba. Wannan ba aikin gari ba ne, aikin ruwan da ya bi hanyar iska ne, kuma asibiti ake kai yaro ba a jira. Ni ba likita ba ne, shekara ashirin da ɗoriya dai na yi cikin ɗakunan injin pisin na garin nan, daga Filato har Yantala, kuma iyakata ke nan a maganar jiki.

To mene ne garin? A jikin buhun za ki ga an rubuta diatomite ko terre de diatomée. Mu garin filtir muke ce masa. (Wani malamin makaranta ya taɓa yi mini gyara cewa in riƙa rubuta “matata” maimakon filtir. Na ce masa ranar da uwargidana ta karanta “matata ta tsage, sai an sake wata”, shi zai zo ya yi mata bayani.) Asalinsa gawarwakin wasu ƙananan halittun ruwa ne, dangin gansakuka, waɗanda ido ba ya gani. Kowace tana da ɓawo na silika, wato sinadarin da ke cikin yashi da gilashi, mai ramuka-ramuka kamar rariya. Suna mutuwa suna taruwa a ƙasan tafki shekara dubbai, har su zama farin dutse mai rugurgujewa. Shi ake haƙowa a niƙa.

Kuma ki san ba baƙo ba ne a hancinki. A arewacin Chadi akwai wani kwari da ake kira Bodele, wanda ƙasan wani makeken tafki ne da ya wanzu shekara kusan 7,000 da suka wuce, kakan Tafkin Chadi na yanzu. Da ruwan ya ƙafe sai ya bar irin wannan farin garin a shimfiɗe. Iskar hunturu na matsowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Enedi ta kwashe shi, kuma babu wuri guda a duniya da ya kai kwarin nan fitar da ƙura. Wani kason hazon da ke rufe mana gadar Kennedy a watan Janairu daga can yake, wani kuma ya haye teku har dajin Amazon. Ranar da na fara jin haka na daɗe ina kallon buhun da maigidana ya yi oda daga Turai da kuɗi masu yawa.

Sai dai akwai bambanci, kuma nan ne zancen maƙwabciyarki ya samo asali. Na Bodele ɗanye ne. Na filtir kuwa gasa shi ake yi a wuta mai zafin kusan digiri 1,000 don ya fi tacewa, kuma wutar nan tana juya wani babban kason silikar ya koma mai tauri irin na ƙanƙarar dutse. In mutum yana shaƙar busasshiyar ƙurarsa, tana sauka can ƙasan huhu ta zauna, jiki ba ya iya fitar da ita. Shekara da shekaru sai huhun ya yi tabo ya taurare. Cutar silikos ke nan, irin wadda ke kama masu dakan dutsen zinariya a wurare kamar Komabangu. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Liyon na Faransa, tun 1997 ta sa irin wannan silikar cikin abubuwan da ke kawo ciwon dajin huhu ga masu shaƙar ta a wurin aiki. Ki kula da kalmomin: shaƙa, a bushe, a wurin aiki. Garin da ya jiƙe cikin lita dubu arba'in da wani abu ba ya tashi sama ya shiga hancin yaro. A gidanki akwai mutum ɗaya da wannan maganar ta shafa, kuma ba jikanki ba ne. Shi ne wanda ya buɗe buhun. Zan dawo kan masu irin aikinsa a tambaya ta biyu.

Duk da haka, kada yaran su koma ruwan yanzu. Ko ƙafa kada su tsoma. Dalilina ba garin ba ne, farin ne. In muka tsaya kan ciwon daji muka manta da wannan, mun bar jaki muna dukan taiki.

Shekarun baya an kira ni wani gida a Filato, ruwansu ya yi fari kamar naki. Ranar ana walima, baƙi cike da farfajiya, ana ta shayi da gasasshen nama a ƙarƙashin rumfa, taku goma daga bakin pisin. Maigidan ya ce in bi ta baya in yi aikina kada in tayar da hankalin baƙi. Na kashe inji, na fito neman bokiti, sai idona ya faɗa kan wani ɗan takalmin roba shuɗi, ƙafa ɗaya, a kife a kan matakala ta farko. Ɗaya kawai. Ruwan kuwa lumui, ko motsi babu, fari tas kamar an shimfiɗa zane. Na tambayi kuku ina ɗansa, ɗan shekara huɗu da na gani yana bin kaji da na shigo. Ya waiga, ya sake waigawa. Ban tsaya cire riga ba. A cikin ruwan ko tafin hannuna ban iya gani, da ƙafa na riƙa lalube a ƙasa kamar mai neman allura a duhu, har gwiwata ta taɓa abu mai laushi. Allah ya yi yaron na da sauran kwana: na hura masa iska, na danna ƙirji, ya yi aman ruwa, ya tsala kuka, aka ruga da shi asibiti. Manya sun fi goma a wurin, babu wanda ya ji komai. Mutane na zaton wanda ruwa ke ci ihu yake yi yana buga ruwa. Yaro ba ya yin haka, bakinsa na neman iska ne, ba ya da ta kira. Sulalewa yake yi shiru. In ruwa garau ne, ko mai wucewa zai hango duhun abu a ƙasa. In fari ne, sai takalmi ya ba da labari.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen 300,000 ruwa ya ci a 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne ƴan ƙasa da shekara biyar. Mu nan in an ce ruwa ya ci yaro, kogin Isa muke tunawa, ko tafkunan damina, ko ramin ƴan bulo. Ba ma kawo pisin a rai saboda na cikin gida ne, da katanga da gardi.

Ga ma'aunin da nake bai wa kowa. A can ƙasa, wurin da ya fi zurfi, akwai murfin magudana mai ramuka. Ki tsaya a bakin pisin da rana tsaka. In kina ganin murfin sarai har kina iya ƙirga ramukansa, ido ya yarda. In sai kin ƙanƙance ido kina cewa “kamar ga shi can”, bai yi ba.

Dalili na biyu: ruwa ba ya tsami banza. Garin da ya dawo cikin pisin yana gaya miki cewa filtir ya daina aikinsa. A cikin tulun filtir ɗin akwai wasu faifai-faifai na roba, kowanne sanye da rigar yadi mai ƙananan ramuka. Garin yana manne wa yadin ya yi ɓawo, ruwa ya ratsa ɓawon ya fito tas. Filtir na yashi, wanda shi na fi gani a gidajen Yamai, yana kama datti mai girman mikron 20 zuwa 40. Na gari yana kama har mai mikron 3 zuwa 5, alhali kaurin gashin kai wajen mikron 70 ne. Shi ya sa ruwansa ke ƙyalli. To in gari na wucewa, datti ma na wucewa, tare da duk abin da yara uku ke bari a ruwa, kin fi ni sani.

Abin da ke sa ya wuce ba shi da yawa. Galibi yadin ne ya yage. Ba sai yaga babba ba: na sha ɗaga faifai sama in saita shi da rana, in ga ɗan rami bai kai ƙwayar wake ba, a kan ɗinki ko a kusurwar da roba ke gogawa, kuma shi kaɗai ya faranta pisin guda. Wani lokaci bututun sama da faifan ke shiga cikinsa ne ya tsage, ko zoben robar da ke wuyansa ya bushe, don zafin garin nan ba ya barin roba ta tsufa da mutunci. Wani lokaci robar cikin bawul ɗin nan mai hannu ce ta cinye, musamman in ana juya hannun inji na tafiya. Akwai kuma kuskuren hannu: a manta bawul a kan Circulation, inda ruwa ke zagaye filtir bai shiga ba, sai a zuba gari ya fita kai tsaye. Ko a zuba fiye da ƙima. Ƙa'idar ita ce wajen giram 500 ga kowace murabba'in mita ta yadin, kuma adadin na rubuce a jikin tulun. Bayan wankin baya-baya, wato Lavage, ba duka tsohon garin ke fita ba, don haka kashi 80 cikin 100 na ma'aunin ake mayarwa. Sai namu na gida: ɗaukewar wuta. Inji na tsayawa ba zato, in akwai iska a cikin bututu sai ruwa ya koma da baya ya kwaso gari. Ɗan farin da ke fita na daƙiƙa kaɗan in wuta ta dawo ba abin damuwa ba ne. Wanda ya ci gaba da fita shi ne magana.

Tunda naki ya fara minti goma bayan zubawa, ki fara tambayar gardin, cikin lalama, ina hannun bawul yake lokacin da ya zuba, da kuma gwangwani nawa ya zuba. Kada ki tambaye shi gaban mutane. In ya ji tsoron kora zai ce komai daidai ya yi, ku kashe kuɗi a kan abin da ba shi ne ba.

Ki kuma tabbatar garin ne. Ki sa a ɗebo abin da ya kwanta a ƙasa cikin kofin gilashi, a tsiyaye ruwan, a matsa lemun tsami a kai. In ya yi kumfa yana tsss, farar ƙasa ce ta ruwa ko ta jikin gini, wata matsalar ce daban. In ya yi shiru, kuma kin murza a yatsa kin ji ɗan gurza-gurza, garin filtir ne.

Gyaran ba wuya, haƙuri yake so. A kashe inji da yamma, a hana kowa taɓa ruwan har gari ya waye. Garin da kansa zai kwanta, da safe za ki gan shi a ƙasa kamar an barbaɗa garin tuwo, ya fi yawa a gaban bututun da ya fito. Kada a zuba alif. Na san shi muka sani da kwantar da ruwan kogi, amma nan ba a buƙatar sa, kuma in ya shiga filtir irin wannan liƙe yadin yake yi. Sai a haɗa tiyon zuƙa, a juya bawul zuwa Égout don ruwan ya fita waje bai bi ta filtir ba, a ja kan mazuƙin a hankali, tafiyar hawainiya. Da an yi gaggawa garin zai tashi, a koma jiran wani daren. Ruwa zai ragu, don haka a bar tiyon famfo na zuba, kada ya sauka ƙasa da akwatin gefe, wato bakin da inji ke jan ruwa a bangon pisin, har inji ya sha iska.

Buɗe tulun kuwa a bar wa wanda ya iya. A kashe wuta daga babban makunni, a buɗe ɗan maɓallin iska na saman tulun, a jira allurar agogon matsi ta kwanta a kan sifiri, sannan a taɓa ƙarfen da ya ɗaure murfin. Tabon da ke haɓata na shekarata ta farko a aikin ne, ranar da na ga jiran allura ɓata lokaci ne. Murfin ya tashi ya bugi rufin kwano, ni gefensa kawai ya shafe ni.

Kada kuma a bar injin a kashe fiye da kwana ɗaya ko biyu ba a kula da ruwan ba. Ranar Yamai tana cinye kulorin, maganin da ke kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, cikin ƴan awoyi, ruwa ya tashi daga fari ya koma kore, in aka ƙara sati sauro ya samu gidan haihuwa. A narka kulorin a bokiti a zuba da yamma. Kafin yara su koma, a auna: kulorin tsakanin miligiram 1 zuwa 3 a lita, pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, tsakanin 7.2 da 7.6.

Zubar da ruwan duka? A'a. In zurfinsa a tsakaice mita ɗaya da rabi ne, pisin ɗinki na ɗauke da lita 48,000, wato tano (ganga) 240. Ki tuna ƴan garuwa nawa ne za su turo wannan, a garin da wasu unguwanni ke tashi tsakar dare tarbar famfo a watan Afrilu. Ga shi ramin da aka bari fanko a ranar digiri 43 tayil ɗinsa na iya ɗagowa. Garin kilo biyu ko uku bai cancanci wannan ba.

Su koma in an gyara filtir, inji ya yi kwana ɗaya yana tafiya ba farin da ke fita, kina ƙirga ramukan murfin ƙasa, ma'auni kuma ya yi daidai. Ranar da suka koma, babba ɗaya ya zauna a bakin ruwan, aikinsa kallo kawai, ba waya, ba dafa shayi. Ƙaramin kada ya wuce inda hannu zai kai. Ki sa a rubuta lamba 18 ta ƴan kwana-kwana a bangon ɗakin inji. In Allah ya kiyaye aka ciro yaro ba ya numfashi, ba a juya shi kai ƙasa, ba a matsa masa ciki wai a fitar da ruwa. Iska ake fara hura masa baki da baki, sannan danna ƙirji 30, hura 2, har taimako ya iso. Ƙungiyar Croix-Rouge ta Nijar tana koyar da wannan, kuma gidan da ke da pisin ya kamata a ce mutum ɗaya a cikinsa ya je ya koya da hannunsa.

TAMBAYA (saƙon murya ne, na rubuta yadda ya faɗa): Baba, ina kwana, ina lahiya. Ni mutumen Buza ne, gardi nike wani gida nan Yamai, shekara shida. Ni ka zuba garin nan duk wata. Kuma in an wanke filtir, ruwan bayan gida yake zuba, ya bushe ya yi hwari, in share shi da tsintsiya. Kwanan nan ina tari da dare. Rawanina nike jawowa in ruhe hanci. Ya isa?

AMSA: Lahiya lau, ƙanena. Bai isa ba. Rawani na tare yashi da ƙurar da ido ke gani, amma wadda ke yin ɓarnar ita ce wadda ido ba ya gani, kuma ta cikin saƙar yadi take wucewa kamar sauro ta tagar da ba raga. Takunkumin shuɗin nan na lokacin korona ma bai wadatar ba, gefensa a buɗe yake. Wanda ake so shi ne mai rubutun FFP2 ko N95, ya kama hanci da haɓa sosai. Ana samun sa a manyan shagunan magani da wurin masu kayan gini. Maigidanka ne ya kamata ya saya, ba kai ba. Wanda ya iya cika pisin ba takunkumi zai gagare shi ba. In kana jin nauyin faɗa masa, ka kai masa wannan shafin ka ce ni na aiko ka.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a saƙonka shi ne sharar. Zubawa sau ɗaya a wata ce, shara kuwa kullum ce, kuma tsintsiya aikinta ke nan ta tayar da ƙura zuwa fuskar mai riƙe da ita. Daga yau kada ka share shi a bushe. Ka yayyafa ruwa ya jiƙe sharkaf, ka kwashe da shebur yana laka, ka ƙulle a leda ko ka binne a rami ka rufe da ƙasa. Ka gaya wa maigidan a haƙa ɗan rami inda ruwan wankin ke zuba, don garin ya taru wuri ɗaya, kada ya malala inda ɗiyanka ke wasa ko ya fita titi.

Wurin zubawa kuma, kada ka buɗe buhun cikin ɗakin inji, ƙaramin ɗaki ne ba iska. Ka fito waje, ka juya wa iska baya. Ruwa za ka fara zubawa a bokiti, sannan ka nutsa gwangwanin garin a cikin ruwan a hankali, ba ka zazzago shi daga sama ba. Ka dama ya yi kamar kunu mai ruwa-ruwa, ka tsiyaya a akwatin gefe inji na tafiya. Ka ɗaure bakin buhun, kuma kada a ajiye shi a ɗakin da kake kwana, na san gidaje da yawa ɗakin gardi shi ne sito.

Tarin kuwa kada ka tsaya kan citta da zuma. Yana iya zama na hazo, ko ƙaurin kulorin, ko wani abu daban, ni ba zan iya rabewa daga nan ba. Tarin da ya wuce sati biyu a ƙasar nan ana auna majina a duba tarin fuka, kuma huhun da ya sha ƙurar silika ya fi saurin kamuwa da shi. Ka je asibiti, ka gaya musu aikin da kake yi da shekarun da ka yi, ka ɗauki hoton rubutun buhun a wayarka ka nuna musu. In ba ka faɗa ba, ba wanda zai yi tunanin tambayar gardi game da ƙurar dutse.

TAMBAYA: Malam, ni ɗan kasuwar hatsi ne a Tawa. Wani ɗan'uwana ya kawo mini rabin buhun garin nan daga gidan da yake aiki a Yamai, ya ce yana kashe ƙwarin wake. In barbaɗa? Daga wani Alhaji, kasuwar Tawa.

AMSA: Kada ka barbaɗa, Alhaji. Ɗan'uwanka ya ji gaskiya, amma buhun ya kuskure. Akwai ɗanyen garin da ba a gasa ba, wanda ake haɗa wa hatsi: yana kankare maiƙon jikin ƙwaro ya bushe ya mutu. Na pisin gasasshe ne, ba a yi shi don abinci ba, kuma ga ƙwari ma bai kai ɗanyen aiki ba. Ka tuna wa zai sheƙe waken nan: mace ce da faifai a tsakar gida, iska na kaɗawa, goyo a bayanta. Ga ƴan dako da za su zazzage buhu a cikin sito.

Wake dai a shanya shi ya bushe ƙarau, a zuba a buhun PICS mai riɓi uku, leda biyu a ciki, buhu a waje, a matse iska a ɗaure kowane baki daban. Ƙwaro na rasa iska ya mutu, ba ka zuba komai ba. Rabin buhun kuma ka ɗaure bakinsa, ka sa a leda, ka ba direban da zai sauka Yamai ya mayar wa ɗan'uwan naka, tun maigidansa bai ƙirga buhunansa ba.